Siminti a Soron Baba

Yau kwana shida ke nan ba mu ga rana da kyau ba. Da safe matata Hajiya ta miƙo min kwalbar gishiri tana mita, wai in duba, ya jiƙe ya dunƙule alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Na fara yi mata bayanin yadda gishiri ke zuƙar laima daga iska, sai ta ce, "Malam, cewa na yi ka duba, ban ce ka buɗe aji ba." Na daɗe da yin ritaya daga koyar da kimiyya a sakandare, amma bakina bai yi ritaya ba.

Na fito zaure. A ƙofar gidan da ke kallon namu an jibge buhunan siminti an rufe da leda. Nura ne ya kawo su, ɗan maƙwabcina da ke aiki a Kaduna. So yake da ruwa ya ɗan tsagaita a shafe wa mahaifinsa bangon ƙasar gidansu. Ina ganin buhunan na koma kan tabarma na zauna, wata damina ta dawo min, wadda na fi shekara arba'in ina gudun tuna ta.

Mahaifina, Malam Idi, magini ne, na ginin ƙasa. A unguwarmu ta wajen Ƙofar Kuyambana da wuya ka shiga lungu ba ka ga hannunsa ba. Ba shi da allon talla, ba shi da takardar shaida. Abin da yake da shi soro ne guda a cikin gidanmu, wanda shi da mahaifinsa suka gina shekarar da ya auri Inna. Rufinsa bakan gizo ne huɗu da suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya. Da zafi idan ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Duk mai son ba Baba aiki, nan ake shigo da shi. Zai ɗaga kai ya yi ta kallo, ya shafa bango, Baba kuwa yana tsaye a bakin ƙofa ba ya cewa komai. Soron ne ke yi masa magana.

Kowace shekara kafin ruwan farko akwai yaɓe. Wannan aikin na fi tsana tun ina yaro. A haƙo jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta kwanaki tana tsima har ta fara wari. Mata su yi ta jan ruwa a rijiya. A jiƙa makuba, wato dakakken ɓawon ɗorawa, ruwanta ya yi ja, a shafe bango da shi. Rufin kuma laso ake sa masa. Baba da kansa yake zuwa marina ya kwaso katsi, taɓon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, ya shanya, ya ƙona, ya daka, sannan ya haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Yakan ce wanda aka ƙona daban ne da wanda aka kwaso, ko da kala ɗaya suke. A lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne. Sai da na je kwaleji aka koya min wannan maganar da Turanci, na kuma rubuta ta a jarrabawa aka ba ni maki.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba da Inna ba sa faɗin sunana, ba sa kuma doguwar magana da ni. Da na fara koyarwa sai suka sami sauƙi, suka koma kirana Ticha. Wannan kunyar tana da daɗi idan ana zaman lafiya. Ranar da ake bukatar a daka maka tsawa kuwa, cutarka take yi.

A shekarar da nake ba da labari, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ban fi wata takwas da fara aiki ba, kaina ya kumbura da boko. Da bazara Baba ya tafi wani ƙauye bayan Kufena gina wa wani mutum zaure, zai yi sati uku. Na dubi soron nan, na tuna yadda bayan Baba ke ciwo duk shekara bayan yaɓe, na ce bana na hutar da shi. Ba zan ɓoye ba, akwai tausayi a ciki, akwai kuma son a ce ɗan Malam Idi ya zama mutum. Na sayo siminti, na ɗauko birkila daga Tudun Wada. Cikin kwana huɗu ya shafe bayan soron tas, daga ƙasa har sama, ya haɗa da gefen rufin. Ya yi sumul, ya yi toka-toka, kamar ofishin gwamnati.

Baba ya dawo da hantsi, da ƙullin kayan aikinsa a ka. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallo. Kafin ya buɗe baki maƙwabta sun cika zaure, ana ta yi masa barka. "Malam Idi, ka haifa! Kai da yaɓe har abada." Ya yi ta amsawa da "Alhamdu lillahi, Allah ya yi masa albarka." Da suka watse sai ya je ya ɗora tafin hannunsa a bangon, rana ta gasa shi har sai da ya janye hannun.

"Ticha," ya ce, bai dube ni ba, "ta ina zai yi gumi?"

"Wa, Baba?"

"Bangon. Ƙasa tana shan ruwa da damina, rana ta fito ta fitar da shi. Yanzu ka sa mata rigar da ba ta tuɓuwa."

Na yi dariya, Allah ya yafe min. Na ce ai ruwan ma ba zai shiga ba balle ya nemi hanyar fita, siminti wataturuf ne. Na ƙara da wasu kalmomin Turanci da na san bai sani ba.

Ya ce, "Da ka bari mun ɓamɓare ko na gabas ne. Ta nan hadari ke dukansa."

Na ɓata rai na fice. Daga baya na ji Inna tana roƙonsa a ɗaki. "Malam, ka rufa wa yaron nan asiri. Duk unguwa ta gani, an sa masa albarka. In ka ɓamɓare, da wane ido zai dubi mutane?" Daga nan bai taɓa simintin ba. Ya gyara indararo, ya ƙara laso a tsakiyar rufi inda birkila bai kai ba, ya bar sauran.

Akwai kuma abin da ya sa hankalinsa bai kwanta ba. Alhaji Ɗanladi mai goro, babban attajirin unguwar, ya yi masa alkawarin ginin sabon zaurensa da soraye biyu da zarar ruwa ya ɗauke. Mutane sun fara komawa bulo da kwano, irin wannan aikin ya fara wuya. Baba ya san idan ya yi shi, za a ƙara shekaru ana kiransa. Har ya fara zagayen neman azara.

Zafin bazara ya yi aikinsa kafin ruwa ya sauka. Siminti ya sha rana ya buɗe, da dare ya tsuke, ƙasar da ke bayansa kuwa nata motsin daban. Wata siririyar tsaga ta fito a can sama, inda bango ya haɗu da rufi, ba ta fi kaurin zare ba. Baba ya nuna min ita da haɓa. Na ce ƙaramin abu ne.

Sai ruwa ya zo. Da farko irin na marmari, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suna tsalle a lungu. Da aka ga wata muka ɗauki azumi, sai marka ta kafu. Yayyafi ne marar ƙarewa, ya kwana ya wuni, in ya gaji ya koma kamar da bakin ƙwarya. Kududdufin bayan ganuwa ya cika ya shigo hanya. Kwaɗi suka hana kowa jin kowa. In za ka masallaci sai ka naɗe wando ka riƙe takalmi a hannu.

Azumin damina ba ƙishirwa ke wahalar da mutum ba, yunwa ce da sanyi. Hatsin bara ya ƙare a rumbunan mutane, na bana ko kai bai fitar ba. Ɗan geron da ya rage mana ya yi fumfuna a buhu, Inna ta wanke shi sau uku ta rasa ranar shanyawa, kunun ya fito da ɗanɗanon ƙasa. Itace duk ya jiƙe. Tun azahar take fara fama da murhu don abin buɗa baki, tana hurawa idanunta na zubar da ruwa, hayaƙi ya cika gida babu wuta. Ashana ka ƙyasta kan ya murmushe, sai da ta koma ɓoye kwalin a cikin ɗankwalinta. Sukari ya narke a takarda. Makullin ƙofa ya yi tsatsa, tufafinmu suna warin rima ko da ba a sa su ba. Da magariba mu zauna a zaure, kwaɗon tafasa da rama a akushi ɗaya, kowa yana janye hannu da wuri don na kusa da shi ya samu. Baba ya fi kowa saurin cewa ya ƙoshi.

Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci sai ya zagaya bayan soron cikin yayyafi, da buhu a ka. Ya ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa, ya kara kunne. A makon farko sautin a cike yake. A mako na biyu ya fara amsawa kamar ganga. Ina kallonsa ta taga, ina yin kamar ina duba littattafan ɗalibai. A makaranta a daidai wannan lokacin nake koya wa 'yan aji ɗaya canje-canjen da ke samun abubuwa. Akwai canji mai komawa, ruwa ya daskare ya narke ya koma ruwa. Akwai marar komawa, itace ya ƙone ya zama toka. Ina rubutawa a allo da alli mai laima, yara suna maimaitawa, in dawo gida in tarar da Baba da kunne a bango.

Ranar sha tara ga azumi ya kira ni. Tun da ruwa ya sauka, wannan ne karo na farko da ya neme ni a kan maganar. Ya kai ni cikin soron, ya kama hannuna ya ɗora a bangon gabas ta ciki. Sanyi ƙalau. Ya danna babban yatsansa, yatsan ya shige har gaɓa, kamar a tuwon da ya kwana.

"Ya sha ya ƙoshi," ya ce. "Ya rasa ta inda zai fitar."

Na ce, "Baba, mu ɓamɓare yanzu."

"Yanzu simintin ne ke riƙe da shi. Ka cire, ya biyo ka."

Duk da haka ya gwada. Ya ɗauko ƙaramar kurfi, ƙarfensa na haƙa, ya huda ramuka a gindin simintin, jan ruwa ya dinga tsiyayowa ba tsayawa. Muka tokare bakan gizon da azarorin da ya tara don aikin Alhaji Ɗanladi. Muka kwashe kayan ciki, shimfiɗarsa, akwatin Inna, allunan kakana. Ya hana kowa kusantar wurin. Da yamma ya fito tsakar gida ya ɗaga kai yana duban sama, ko za ta ba shi rana ta yini biyu. Ba ta ba shi ba.

Ranar ashirin da biyu, tsakanin azahar da la'asar, ina kwance a zaure yunwa ta kwantar da ni, na ji wani sauti. Ba ƙara ba ce mai firgitarwa. Wani nishi ne mai nauyi, sannan ƙasa ta girgiza sau ɗaya. Inna ta yi salati. Da na fito, bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi, bakan gizo biyu sun karye, biyu suna tsaye suna riƙe da iska. Ko ƙura bai tayar ba, don komai jiƙe yake. Faya-fayan siminti kuwa ga su nan a kan taɓo, manya-manya, sumul, ko kwarzane babu.

Baba yana tsaye da buta a hannu. Ya ƙirga mu da ido, ni, Inna, ƙannena. Ya ce, "Alhamdu lillahi, babu rai." Ya tsuguna ya ƙarasa alwalarsa. Na ga ruwan yana zuba a gefen ƙafarsa, hannun ya kasa saita butar.

Bayan la'asar mutane suka zo jaje. Zaure ya cika, ina tsugune a gefe. Gidaje da dama sun zube a wannan markar, amma babu wanda aka yi ta zuwa kallo kamar namu, don wannan soron magini ne. Alhaji Ɗanladi ya shigo da lema, ya leƙa cikin gida, ya dawo ya zauna yana girgiza kai.

"Ikon Allah. Malam Idi, soron da har siminti aka sa masa? To da ba a sa ba fa, ai da tun ruwan farko ya tafi. Anya ba tun asali ginin ke da rauni ba?"

Wani ya ce, "Ko dai lason bana ne bai kamu ba. Tsufa fa ba ya sallama."

Kalma shida kawai ake bukata daga bakina. Ni ne, simintin ne ya jawo. Na san dalilin, na fi kowa a zauren iya bayaninsa, da Hausa da Turanci. Na buɗe baki, na dubi fuskokin da suka sa min albarka wata uku da suka wuce, sai na sunkuyar da kai. Na ji idon Baba a kaina na ɗan lokaci. Sannan na ji muryarsa.

"Haka ne, Alhaji. Hannu ya gaji. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, ginin ne ya tsufa."

Aka yi addu'a aka tashi. Da aka kira magariba Inna ta kawo kunu, na kurɓa sau ɗaya na ajiye.

Bayan Sallah ruwa ya ja baya, rana ta fito kamar ba ita ta yi mana rowa ba. Alhaji Ɗanladi bai aiko ba. Da kaka muka ga ana sauke masa bulo. Ba wanda ya zo ya ce wa Baba an fasa, kuma bai je ya tambaya ba. Daga nan kiran ya yi ta raguwa. Sai gyaran katanga, sai toshe ɗigo, sai shiru.

Wata safiya na same shi a kan tarin ƙasar soron, ya zuba mata ruwa yana tattakawa da ciyawa. Na tuɓe takalmi na shiga, abin da rabona da yi tun ina firamare. Muka yi ta tattakawa ba mai magana. Duk ɓallin simintin da ƙafarsa ta taɓa sai ya sunkuya ya zare ya jefa gefe. Ƙasar da kakana ya kwaɓa ta sake laushi a ƙarƙashin ƙafafunmu, ya dinga dunƙula ta tubali yana jerawa a rana.

Don in sami abin faɗa, na nuna tarin simintin na ce, "Baba, waɗannan fa? Ko a daka su a sake kwaɓawa?"

Ya ɗan murmusa. "Kai ne Ticha. Yana komawa?"

Na ce, "Ba ya komawa."

"To ajiye su can. Inna za ta sami abin takawa in an yi taɓo."

A nan ya kamata in ce ya yafe min. Kunyar nan da ta hana shi yi min tsawa, ita ta hana ni. Na ce gobe. Da tubalan ya tayar da ɗan ƙaramin ɗaki, ya rufa masa kwano, don ba shi da sauran ƙarfin ɗaura bakan gizo, ba shi kuma da wanda zai nuna wa. A ɗakin ya rasu bayan damina uku. A wurin zaman makoki na ji wani dattijo yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam Idi, magini ne na gaske kafin hannunsa ya lalace." A nan ma ban ce komai ba.

Na ƙara shekara talatin da wani abu ina koyar da darasin nan na canji mai komawa da marar komawa. Na ba da misali da ƙanƙara, da kyandir, da ƙusa mai tsatsa, da nonon da ya yi tsami. Ban taɓa ba da misali da ƙasa da siminti ba, ko sau ɗaya. Faya-fayan simintin nan kuwa suna tsakar gidanmu har yau, a jere daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya. Inna ta taka su har ta bar duniya. Ni ma su nake takawa duk asuba in zan yi alwala, ba su ragu da komai ba.

Ɗazu da hantsi na ji tsayuwar motar Nura. Na ɗauki lema na tsallaka, gwiwoyina suna ƙara. Na same shi yana duba buhun da iska ta yaye wa leda, ya sha ruwa ya zama dutse, yana ta tsaki. Ya gan ni ya rusuna.

"Baba Malam, ina kwana? Da kanka cikin ruwan nan?"

Na ce, "Nura, kar ka sa wa bangon nan siminti. Ka nemo mai yaɓe, in akwai saura. Ƙasa tana son ta yi gumi."

Ya yi irin dariyar da na sani, mai ladabi, wadda ba ta jin magana. Ya fara ce min ai simintin zamani daban ne. Sai na ji maganar ta fito da kanta, a tsakiyar lungu, da ƙarfi har mai kanti ya leƙo.

"Ka saurare ni. Soron Malam Idi ba tsufa ya kayar da shi ba, ba kuma hannunsa ne ya gaji ba. Ni na kayar da shi. Ni na sa masa siminti, na kuma yi shiru aka ɗora masa."

Na tsaya ina haki, ruwa na sauka a kan lemar. Na duba lungun sama da ƙasa. Alhaji Ɗanladi ya daɗe a kabari, haka duk waɗanda suka zauna a zauren nan ranar. Nura ya matso ya riƙe min hannu a hankali, kamar yadda ake riƙe tsohon da aka fara shakkar hankalinsa.

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba Malam. Wane ne Malam Idi?"